Snapseed da hoton tekun Jamestown: yadda na ƙare a baƙi-da-fari

Tunda na dawo daga Accra mutane ke ta tambayata wai da wace kamara na ɗau hoton tekun nan da na ɗora a sitatus, to gaskiyar magana ba kamara ba ce, waya ce, ita ma ba wata mai tsada ba, Android ce ta tsaka-tsaki mai ɗan wajen saita komai da hannu wanda suke kira Pro, ragowar aikin kuma Snapseed, manhajar gyaran hoto ta waya, shi ne ya yi shi. A kansa nake son yin magana, don na kai wajen shekara huɗu ina amfani da shi amma sai a wannan tafiyar na san abin da ke cikinsa.

A unguwar Nima da ke Accra na sauka gidan kawuna, cikin watan Disamba, hunturu ya riga ya sauko har bakin teku. Mu da muka taso a Kano mun ɗauka hazo namu ne mu kaɗai, ashe yana gangarawa har can, sai dai na can ya haɗu da danshi, sararin sama ya yi wani fari-fari kamar an wanke tsohuwar shadda. Ɗan kawuna ne ya raka ni Jamestown, tsohuwar unguwar bakin teku a Accra, da la'asar, muka hau tiro-tiro, wato ƙaramar motar hayarsu, muka sauka kusa da hasumiyar fitilar nan mai ja da fari, ga tsohuwar ganuwar James Fort a gefe wanda Turawan Ingila suka gina tun 1673, muka gangara wajen masunta. Ranar Talata ce, kuma masuntan can ba sa shiga teku ran Talata, al'adarsu ce tun kaka da kakanni, shi ya sa muka tarar da kwale-kwale jere, wasu na ɗinkin koma wasu na kwance a inuwa, yara na buga ƙwallo a kan yashi.

Ni dama abin da ke raina shi ne irin hoton nan na kalanda, rana jawur tana nutsewa cikin ruwa, sama ruwan goro, teku shuɗi. Ban samu ko ɗaya ba. Na farko dai bakin tekun Accra kudu yake kallo, idan ka fuskanci ruwa rana ba a gabanka za ta faɗi ba, ta hannun damanka za ta yi, can inda gaɓar ta miƙa wajen Chorkor, sai ka karkata jikinka sosai kafin ka haɗa ta da ruwa a hoto ɗaya. Na biyu hazon nan ya shanye ta tun ba ta kai ƙasa ba, ta koma kamar faifai, ba ja ba fari ba, kana kallonta da ido ba ta kashe maka ido. Na uku kuma lokacin bai da yawa ko kaɗan, kafin ƙarfe shida ta faɗi, kuma garin yana kusa da tsakiyar duniya don haka almuru ba ya jan jiki, kamar minti ashirin ne duhu ya fara rufawa, ga magariba na jiranka. Ɗan kawuna sai cewa yake Yaya ka yi sauri masallaci da ɗan tafiya, ni kuma ina jiran igiya ta bakwai ko ta takwas ta zo ta fashe yadda nake so.

Bari in ɗan faɗi yadda na ɗauka, don manhaja ba ta ƙirƙiro abin da ba ka ɗauko ba. Kashi biyu na yi. Akwai wanda na sa shota, wato tsawon lokacin da kamara ke ɗaukar haske, da sauri, wajen 1/1000 na sakan, wannan yana daskarar da ruwan, za ka ga kowane ɗigo a tsaye a iska kamar an watsa tsakin shinkafa. Akwai kuma wanda na jira rana ta ɓace na sauke shota zuwa 1/4 ko 1/2 na sakan, ISO, wato ƙarfin jin hasken kamara, a ƙasa can, ina dannawa daidai lokacin da ruwan ya gama hawa yashi ya fara komawa, a nan kumfar ke ja da baya ta bar zare-zare farare kamar an ja auduga. Ba za ka iya yin wannan da rana tsaye ba, saboda ƙofar hasken kamarar yawancin wayoyi a buɗe take ba ta tsukewa, hoton zai yi fari fat, sai dai ka sa baƙin gilashin nan na ND mai rage haske a gaba ko ka jira haske ya ragu da kansa, ni jira na yi. Na kunna RAW, wato fayil ɗin DNG, ɗanyen hoto da wayar ba ta sarrafa ba, kuma wannan shi ne abu mafi amfani da na yi a ranar. Mariƙin waya mai ƙafa uku da na saya a kasuwa kafin tafiya kam bai yi min rana ba, duk sanda ruwa ya ratsa ƙarƙashinsa sai yashin ya zaizaye ƙafa ɗaya ta nutse, fiye da rabin hotunan masu jan shota sun yi rawa, daga baya sai na danna ƙafafun cikin yashi sosai na dafe shi da hannu. Sannan gishirin da iska ke fesowa yana kwanciya a gilashin kamara, in ba ka goge kowane minti biyu ba hoton zai yi dishi-dishi ka ɗauka hazo ne.

Da daddare bayan mun ci dokunu da soyayyen kifi na kwanta ina duba abin da na samo, raina ya ɓaci sosai. Sama wani ruwan ƙasa-ƙasa mara daɗi, teku ba shuɗi ba kore ba, kamar ruwan wanke-wanke, ga ledoji baƙaƙe da robobin ruwa a kan yashi duk sun fito ɓaro-ɓaro da kalarsu. Na buɗe Snapseed na ja Saturation, mai ƙara ƙarfin kala, sama, abin ya koma kamar an zuba manja a sama. Na ja Warmth, kumfar da ya kamata ta zama fara ta koma ruwan ɗorawa. Duk inda na taɓa ƙarya ce ke fitowa, duk wanda ya taɓa tsayawa bakin teku zai gane ba haka wurin yake ba.

Sai na shiga Black & White, a raina don in gwada kawai. Wallahi ina dannawa na tashi zaune. Igiyar da tun ɗazu ban lura da ita ba saboda munin kalar ta fito da bayanta a lanƙwashe, ƙasanta baƙi wuluk, bakinta fari tas, hasken ranar nan mai rauni ya kwanta a kan jiƙaƙƙen yashi kamar an shimfiɗa kwano. Ashe hoton yana nan tuntuni, kalar ce ta danne shi.

Ga wanda bai san manhajar ba, kyauta ce, ba talla a ciki, ba ta buga maka sunanta a jikin hoto, ba ta neman ka yi rajista, kuma in ka sauke ta shi ke nan ba ta buƙatar data, wanda ya yi min amfani sosai tunda layin Najeriya ne a wayata a ƙasar mutane. Kamfanin Nik Software ne ya fito da ita a 2011, Google ya sayi kamfanin a 2012 ya kawo ta Android ya mai da ita kyauta. Su Nik ɗin nan su ne suka yi Silver Efex Pro da masu hoton baƙi-da-fari na kwamfuta ke ji da shi, shi ya sa ban yi mamaki ba da ɓangaren baƙi-da-farin ya fi na sauran manhajojin da na gwada hankali. Yadda ake sarrafa ta ma da sauƙi, ka ja yatsa sama ko ƙasa ka zaɓi abin da za ka gyara, ka ja dama ko hagu ka ƙara ko ka rage, in ka danne hoton da yatsa ya nuna maka yadda yake da.

Abin da na fi so mutane su sani, wanda ni kaina na shekara huɗu ina tsallake shi, shi ne ɗan maɓallin filtar kala da ke cikin Black & White ɗin. Akwai ja, ruwan goro, ruwan ɗorawa, kore, shuɗi, da wanda ba ruwansa. Mutum zai ce me ya haɗa kala da hoton da ba kala, to ai hoton asali yana da ita, filtar ce ke yanke hukuncin wace kala za ta koma haske wace za ta koma duhu. Masu ɗaukar hoto da fim a da gilashi mai kala suke ɗaurawa a bakin kamara don wannan aikin, ƙa'idar kuma ɗaya ce, filta tana haskaka kalarta ta duhunta kishiyarta. Da na sa ja, saman nan mai ruwan ƙasa ta yi haske har faifan ranar ya kusa ɓacewa cikinta, teku kuma ya yi duhu mai nauyi, kumfa ta fito kamar an zana ta da alli. Da na sa shuɗi sai abin ya juye, sama ta yi duhu ranar ta fito zagaye sarai, amma ruwan ya yi fayau ya rasa ƙarfinsa, ga wani tsaki-tsaki da ya cika sama saboda ɓangaren shuɗi na hoton waya shi ya fi ɗaukar datti in haske ya yi ƙasa. Na daɗe ina kai-komo tsakanin biyun nan, ruwan na ja nake so, saman kuma na shuɗi ya fi burge ni. A ƙarshe ruwan goro na tsaya a kai, yana ba ni kusan duhun ruwan da ja ke bayarwa ba tare da ya cinye min rana ba, ragowar duhun saman kuma na nemo shi ta wata hanya.

Hanyar ita ce View edits. Duk gyaran da ka yi a jere yake, kana iya komawa ka buɗe kowanne, ka ɗau burushi ka shafa shi inda kake so kawai. Sai na yi Tune Image na rage haske sosai, na koma na shafa shi a sama kaɗai na bar ruwan, ina zuƙo hoton ina bin layin da sama ta haɗu da teku a hankali don kar ya bar wani farin zobe. Wannan dabarar ta raba sama da ruwa ba sabuwa ba ce, wani Bafaranshe Gustave Le Gray a shekarun 1850 gilashin hoto biyu yake haɗawa, ɗaya na sama ɗaya na teku, saboda kayan zamanin ba sa iya ɗaukar biyun lokaci guda, ni kuma ga ni kwance a kan katifa a Nima ina yi da ɗan yatsa. Akwai kuma Selective, ka ɗiga alama a kan kumfa ka ƙara mata haske ita kaɗai, yana gane iyakarta da kansa ta hanyar kala da haske, a kan bakin igiya ya yi min aiki mai kyau ƙwarai.

Structure da ke cikin Details kuma a bi shi a hankali. Yana fito da jijiyoyin ruwa da ƙwayar yashi, kaɗan ɗin yana da daɗi, amma in hannunka ya zarce teku zai koma kamar fatar kada, sama kuma ta yi ƙuraje. Ni a ruwan kaɗai na shafa shi, ban bari ya taɓa sama ba. A hotunan masu jan shota ma baya na ja shi, don taushin nan shi ne kyansu. Haka kuma duk inda ya riga ya ƙone ya yi fari fat tun wajen ɗauka ba abin da zai dawo da shi, RAW ɗin ya ceto min kumfa da yawa da na ja Highlights ƙasa a wajen Develop, amma hotuna biyu da na ɗauka rana na da sauran ƙarfi sun tafi kenan, wannan kuma daga wajen ɗauka ne, da na rage haske tun a bakin ruwa da ba haka ba.

Ledojin kuma na yi ta tunani a kansu. Healing yana goge su tsaf in a kan yashi suke, na gwada na gani. Amma a hoton da na fi so na bar guda biyu, don suna wurin, kuma masuntan da ke zaune a nan kullum da su suke fama, in sun jawo koma har da su take fitowa. A baƙi-da-fari ba sa yi wa ido ihu kamar da, sai ka matso za ka gane mene ne, kuma ina so wanda ya matso ɗin ya gane.

Sai maganar da ta fi cin min lokaci, wato wane irin baƙi-da-fari. Don ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsantsar toka-toka, akwai mai ɗumi da ya karkata ruwan ƙasa irin na tsofaffin hotunan iyayenmu da ke cikin akwati, akwai mai sanyi da ya karkata shuɗi. Dukkansu suna da asali a ɗakin wanke hoto, ruwan ƙasan nan da ake kira sefiya magani ne ake jiƙa takarda a ciki don hoton ya daɗe bai lalace ba, shuɗin mai ƙarfi kuma ya samo asali ne daga hanyar da masanin kimiyya ɗan Ingila John Herschel ya fito da ita a 1842. A Snapseed ɗin da ke wayata hanya biyu nake bi. Mai sauƙin ita ce bayan ka gama Black & White ka koma Tune Image ka taɓa Warmth, dama ɗumi hagu sanyi. Wadda ta fi kyau ita ce Curves, ka zaɓi layin shuɗi kaɗai, in ka ɗan sauke tsakiyarsa hoton ya yi ɗumi, in ka ɗaga ya yi sanyi, kuma tunda ba ka taɓa ƙarshen layin biyu ba farin zai zauna fari baƙin ya zauna baƙi, tsakiyar ce kawai za ta ɗau launin. Akwai Noir da Vintage masu yi maka komai a dannawa ɗaya, na gwada su, amma sun yi wa wannan hoton nauyi, kamar an sa wa ruwan kayan da ba nasa ba.

Na yi kwafi uku na jera su. Mai sanyin shi ya fara ɗaukar ido, duk wanda na nuna wa a gidan shi yake nunawa, ɗan kawuna ya ce Yaya wannan kamar a Turai. To wannan kalmar tasa ita ta sa na ajiye shi. Ba Turai na je ba, wurin nan zafi ne da gumi da warin kifi da hayaƙin masu banda, iska ɗumi gare ta ko da magariba, shuɗin yana ba da labarin wani tekun daban mai sanyi wanda ban taɓa gani ba. Mai ɗumin sosai kuma ya mai da hoton tsohon abu, kamar an ciro shi daga zamanin su James Barnor, mai ɗaukar hoto ɗan Ghana, wanda a nan Jamestown ɗin ya buɗe situdiyonsa Ever Young a farkon shekarun 1950, alhali yaran da ke gefen hotona rigar ƙwallo ta bana ce a jikinsu, ban ga dalilin da zan tsufar da su ba. Tsantsar tokar kuma daidai take amma ta ɗan bushe min, hazon ya fita daga cikinta gaba ɗaya, kuma hazon nan shi ne ainihin yanayin wannan yinin.

Kawu ne ya raba gardamar ba tare da ya sani ba. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa ya daɗe yana kallo, ya ce ɗana, ai tekun nan da hunturu ƙura-ƙura yake yi, ba ka ga har jirage na can nesa ba a ganinsu ba? Sai na koma kan tsantsar tokar na sauke layin shuɗin ɗan mitsitsi, kaɗan ɗin da in ba ka jera shi da na asali ba ba za ka ce an sa komai ba, amma kana kallo za ka ji ƙurar a cikin hasken. A nan na tsaya.

Wannan ɗan ɗumin ya sake yi min rana da na dawo gida na kai wanki. Wajen farko da na kai tsantsar tokar don gwaji sun fito min da ita da wani kore-kore a cikin duhun, domin injin wankin hoto mai kala da wuya ya ba ka toka tsantsa, sai ya karkata kore ko ja-ja, mai shagon kuma ya dage wai haka fayil ɗina yake. Da na ba da mai ɗan ɗumin sai karkatar ta ɓuya a ciki, ya fito yadda nake gani a sikirin ko kusa da haka. Kafin ka kai wanki ka shiga Settings ka tabbatar ba a rage girman hoton ba, ka ɗaga ingancin JPG zuwa 100, sannan in ta WhatsApp za ka tura wa mai shago ka tura shi a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse shi saman nan mai laushi ta fito layi-layi kamar matakala.

In da za a tambaye ni wa ya kamata ya sauke shi, zan ce duk mai ɗaukar hoto da waya da yake son ya gyara hoto ɗaya ya zauna a kansa, ba mai son shafa filta ɗaya a kan hotunan biki ɗari ba, don shi hoto ɗaya-ɗaya ake buɗewa a ciki, ko da yake yana riƙe gyaran ƙarshe da ka yi ka iya ɗora shi a na gaba, kuma kana iya ajiye salonka a cikin Looks. Na ajiye nawa, filtar ruwan goro, Contrast kaɗan, Grain ɗan kaɗan don ya haɗe tsakin da waya ta bari, sai ɗan saukin nan na layin shuɗi, na gwada shi a kan hotunan da na ɗauka a bakin dam ɗin Tiga da hunturun bara ya zauna musu daram, sai dai saman ne kowane hoto sai na sake shafa masa da hannu.

Hoton yanzu yana falon Hajiya, inci 12 da 18, a farin firam. Ran da na rataye shi ta sa tabarau ta matso har tana kusa taɓa gilashin, ta bi kumfar nan da yatsa tun daga inda ta fashe har inda ta ja da baya, sannan ta nuna wani ɗan baƙin abu a kan yashi ta ce wannan fa, leda ce? Na ce eh Hajiya, leda ce.